Wankan jego a Buronks da lambar 311

Jego ne ya kai ni Amurka. 'Yata ta fari ta haihu a birnin Niyok a ƙarshen Janairun 2024, ba uwa kusa, ba goggo, ba inna, sai mijinta da wani sa'in a wurin aiki yake kwana. Na ƙulla garin kunu da yajin jego da turaren wuta, na tashi daga Kano, muka ya da zango a Alƙahira, muka sauka a filin jirgin sama na Kennedy cikin wani sanyi da ko na Jos bai kama ƙafarsa ba. Surukina ya tare ni da riga mai kauri kamar bargo, ya ce, "Umma, ku sa wannan kafin mu fita waje."

Shekara 28 na yi ina aikin duba-gari a ƙaramar hukuma kafin in ajiye, kuma wanda ya yi wannan aiki idonsa ba ya hutawa. Wasu in sun shiga baƙon gari sama suke ɗaga kai su ƙirga benaye. Ni ƙasa nake duba: ina ruwan kwata yake bi, ina ake zuba shara, wa ke kwashe ta.

Abin da na fara gani bai yi mini daɗi ba. Baƙaƙen ledojin shara ne jibge a bakin titi, tuli-tuli, wasu sun kai ƙugun mutum, da dare kuma ɓeraye masu girman gafiya na shawagi a tsakaninsu. Surukina ya ce yawancin gidajen ba su da lungun baya, don haka a ƙofar gida ake fitar da komai. Hukumar tsaftar birnin tana kwashe fiye da tan dubu 10 a kullum. A Afrilun 2023 aka mayar da lokacin fitar da leda daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa takwas na dare don a rage wa ɓera lokacin ci, magajin gari Eric Adams ya kuma naɗa jami'a guda wadda ba ta da wani aiki sai yaƙi da ɓeraye. Ina can, ranar 1 ga Maris, dokar da ta tilasta wa duk masu shaguna amfani da kwandon shara mai murfi ta fara aiki. Ni a ganina sun makara, don kwando mai murfi shi ne darasin farko da muke koya wa matan aure in mun shiga gida. Sai dai abu ɗaya na shaida musu: ranar da aka ce motar za ta zo, tana zuwa. Ran 13 ga Fabrairu da dusar ƙanƙara ta sauka, na leƙa taga na ga motocin sharar nan dai, an ɗaura musu faffaɗan ƙarfe kamar garma a gaba suna ture ƙanƙarar gefe, wasu motocin na watsa gishiri a kwalta. Kowane mai gida kuma wajibinsa ne ya share gaban gidansa, in ba haka ba a ci shi tara.

Niyok gundumomi biyar ne da aka haɗe a 1898, yau suna ƙarƙashin magajin gari ɗaya da majalisa mai kujeru 51. Ƙidayar 2020 ta ba ta mutum miliyan 8.8, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba a Amurka aka haife su ba. Masu binciken harsuna sun ƙirga fiye da 700 da ake magana da su a cikinta. A gundumar Buronks, a benenmu mai hawa shida, ba sai an faɗa mini wannan ba. Ƙofar da ke kallon tamu ta 'yan Dominika ce, sama da mu 'yan Bangaladash, a ƙasa 'yan Gambiya, a ƙarshen baranda kuma wata baiwar Allah 'yar zangon Kumasi, wadda ta ji ina yi wa jikata wasa da Hausa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta yi sallama. Tun ranar ba ta sake barina na yi kaɗaici ba.

Jaririyar na da mako uku, wani dare na farka na ji ɗakin kamar cikin randa. Na taɓa ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, sanyi ƙalau. Na buɗe famfon ruwan zafi, shi ma haka. Babbar tukunyar da ke ƙasan benen, wadda ke ba kowa ɗumi da ruwan zafi, ta mutu. Surukina na wurin aiki, mai jego na fama da zazzaɓin nono. Muka kira mai kula da gidan har sau biyar bai ɗaga ba. Na naɗe jaririya na goya ta a ƙirjina cikin rigar bargon nan, muka kwana a zaune. Gari ya waye, aka ce ana zuwa, har la'asar ba kowa. Ruwan wanka a tukunyar miya na dafa shi, tukunya huɗu kafin ya isa. Ni dama ba na yarda da ruwan jego mai ƙuna da kunun kanwa barkatai, mun ga yadda suke kumbura zuciyar mata, amma mai jego ba za ta zauna ba ruwan ɗumi ba.

Maƙwabciyata 'yar Kumasi ta shigo ta tarar na jona wata 'yar hita ta lantarki kusa da katifa. Fuskarta ta sauya. Ta janye ta tsakiyar ɗaki da kanta, ta ce, "Hajiya, kada ki yi barci wannan na kunne. Kuma nan ba a roƙon mai gida, 311 ake kira." Na ce Turancin Amurkawa a waya gudu yake yi mini. Ta ce, "Ki ce Hausa kawai, ki jira."

Na danna lambobin nan uku. Da aka ɗauka na ce Hausa, na sake cewa Hausa. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai na ji muryar namiji: "Salamu alaikum Hajiya, ni ne tafinta, mi ya faru?" Hausar mutanen Nijar ce, kuma wallahi sai da idona ya cika. Matar da ke kan layin tana tambaya, yana juya mini. Wane titi, wane gida, wane ɗaki? Ɗakinku kaɗai ne ko duk benen? Tun yaushe? Ba ta nemi fasfo ba, ba ta tambayi da wace biza na shigo ba, ba ta ce wa ya turo ni ba. Da muka gama ta karanto wata doguwar lamba, tafinta ya ce in rubuta, da ita zan bi sawun kukan nawa a waya ko a intanet. Na rubuta a bayan kwalin shayi.

Daga baya na nemi sanin tushen abin. A Maris na 2003, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, aka buɗe layin. Kafin nan mai kuka sai ya laluba cikin lambobin ofisoshi bila adadin ya gano wanda matsalarsa ta shafa. Yanzu ƙofa ɗaya ce, dare da rana, da tafinta a harsuna fiye da 170. Gobara da fashi da rai-kwakwai-mutu-kwakwai na 911 ne. Sauran kuwa, ramin titi, fitilar da ta mutu, hayaniyar maƙwabci, ɓera, bishiyar da ta faɗi, duk 311. Su ba sa gyara komai da hannunsu. Aikinsu su gane ta wace hukuma ce, su miƙa mata, su ba ka lamba. Namu kukan hukumar kula da gidaje ya tafi, kuma akwai doka a bayansa. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, in sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 13 da rana, dole mai gida ya riƙe ɗaki a digiri 20. Da dare kada ya gaza kusan 17. Ruwan zafi kuwa duk shekara ne, kusan digiri 49. Hukumar kan fara tuntuɓar mai gida, sannan ta kira ɗan haya ta ji ko an gyara, in ba a gyara ba ta turo mai dubawa. In mai gida ya yi taurin kai, ban da tara, tana da ikon ta sa a gyara ta ɗora masa kuɗin.

Ashe ba ni kaɗai na kira ba, 'yan Dominika sun kira da Sifaniyanci, na sama da Bangalanci. Washegari da hantsi mai dubawa ya iso, baƙin mutum mai furfura, da katin aiki a wuya. Ina ganinsa na ga kaina. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da ma'aunin zafi, ya jira, ya rubuta. Ya tara ma'aunin a bakin famfo, ya rubuta. Na zaci ya gama, sai ya ɗaga kai ya danna na'urar jin hayaƙi ta yi ƙara. Ya girgiza ƙarfen da ke kare taga, don doka ce a duk gidan da ke da yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa. Ya bi bango da ido yana neman fentin da ke ɓarewa, saboda tsofaffin gidajen da aka gina kafin 1960 fentinsu kan ƙunshi dalma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana bayani ba.

Sannan ya zo ƙofa. Ni na saba gidan haihuwa ƙofarsa a buɗe take saboda 'yan barka, don haka na tokare ta da takalmi. Ya sunkuya cikin ladabi ya cire takalmin, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya sake ta. Ta taho a hankali, saura kamar faɗin tafin hannu ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta sake tsayawa. Ya rubuta, ya gaya wa 'yata cewa mai gida na da kwana 14 ya gyara, kuma don Allah kada a sake tokare ta.

Maƙwabciyata ce ta gaya mini dalili da yamma, muryarta ƙasa-ƙasa. Ranar Lahadi 9 ga Janairun 2022, a wani bene mai hawa 19 da ake kira Twin Parks, a nan Buronks, hita ta lantarki irin wadda na jona ta kama da wuta a hawa na uku. Mutanen ɗakin suka gudu, ƙofar ba ta rufe kanta ba, wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma a buɗe. Wutar ba ta yi nisa ba, hayaƙin ne ya cika benen kamar bututu. Mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, akasarinsu 'yan Gambiya, Musulmi 'yan'uwanmu. Ta ce ta je jana'izar, akwatunan gawa 15 a jere a masallaci ɗaya. Dokar ƙofa mai rufe kanta tana nan tun kafin gobarar. Ba doka aka rasa ba, wanda zai sunkuya ya cire takalmi ya gwada aka rasa. Na kwana da wannan magana a raina, ina tuna gidaje nawa na shiga a rayuwata na duba randa da masai na fita ban kalli wayar lantarkin da ke lilo a kan katifar yara ba.

A daren nan ƙarfen ɗaki ya fara ƙara yana huci, ɗumi ya dawo. Bayan mako aka zo aka sauya maɓallin ƙofar.

Ba gyaran ne ya tsaya mini a rai ba, lambar ce. A ofishin da na yi aiki, mace za ta zo daga ƙauye ta ce ruwan masan maƙwabci na shiga rijiyarta. In ta dace da mai tausayi a je, in ba ta dace ba ta koma, kuma ba wata takarda da za ta nuna ta taɓa zuwa. Wanda ya san kansila ko ɗan'uwan ciyaman shi ake bi har gida. Da yawanmu muna son aikin, ba mugunta ba ce, amma kukan da ba a rubuta ba, ba wanda za a tuhuma a kansa. A can, ni baƙuwar mako uku da ba ta san kowa ba, kukana ya shiga layi ɗaya da na wanda aka haifi kakansa a garin.

Ruwan da na dafa a tukunyar miya ma na bi asalinsa. Daga madatsun ruwa 19 da tafkuna 3 yake zuwa, wasu a tsaunukan Katskil, tafiyar kusan kilomita 200, galan kusan biliyan ɗaya a kullum, kuma yawancinsa gangara ce ke kawo shi, ba inji ba. Na tuna 'yan garuwan unguwarmu da kurarsu na yi shiru. Jirgin ƙasan da ke bin ƙarƙashin gari dare da rana kuwa, mai tasha 472, ba ma a hannun magajin gari yake ba, hukumar jiha ce ke tafiyar da shi. Mai shiga bai damu da wannan ba, ya biya kuɗinsa, dala 2.90 a 2024, ya wuce.

Da azumi ya kama ran 11 ga Maris na ga wata fuskar lamarin. Kwana biyu a mako surukina kan sauka ya kau da motarsa don motar share titi ta wuce, in ya manta tara ce. Amma birnin na da jerin ranakun da ake ɗage wannan doka saboda ibadar mutane: bukukuwan Yahudawa, Juma'ar Ista, Diwali ta Hindu, sabuwar shekarar Sinawa, da Sallolinmu biyu. Tun 2015, zamanin Bill de Blasio, makarantun gwamnati ke rufewa ranar Sallah, kuma Laraba 10 ga Afrilu na ga yaran benenmu da sababbin kaya ba wanda ya ɗauki jakar makaranta. A Agustan 2023 aka ba masallatai damar kiran salla da lasifika ba sai sun nemi izini ba, ranar Juma'a daga sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi, da magariba a watan azumi, muddin ƙarar ba ta wuce ƙa'ida ba. Wannan iyakar ta burge ni. An ba mu haƙƙinmu, an kuma kiyaye na maƙwabcin da ya dawo daga aikin dare yana barci.

Ba kullum hannun hukuma ke da taushi ba. A unguwar Halem, a titi na 116, na gaisa da wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da huluna da jakunkunan fata. Ya ce a da a titi na 125 suke baza kaya, Hausawa da Zabarmawa da 'yan Senegal, har Oktoban 1994 da magajin gari Rudy Giuliani ya sa 'yan sanda suka tashe su, aka mayar da su kasuwar da masallacin Malcolm Shabazz ke kula da ita. Ya ce wasu sun samu rumfa sun zauna, wasu ciniki ya mutu suka watse wasu garuruwa. Shekara 30 ke nan, amma da yake ba ni labarin kamar jiya aka yi.

Inda na fi ganin giɓi shi ne wajen sababbin zuwa. Tun 1981 birnin ke ƙarƙashin yarjejeniyar kotu ta ba marar wurin kwana makwanci, kuma daga 2022 masu neman mafaka fiye da dubu 150 suka kwararo, cikinsu da samari da yawa daga Gini da Senegal da Muritaniya. Wuri ya yi kaɗan, aka yanke wa marasa iyali kwana 30, in sun cika su sake nema. Dokar da majalisar birnin ta yi a 2017 ta wajabta fassara muhimman takardu zuwa harsuna goma: Sifaniyanci, Sinanci, Rashanci, Bangalanci, Kiriyol na Haiti, Koriyanci, Larabci, Urdu, Faransanci da harshen ƙasar Poland. Babu Fulatanci, babu Wolof, babu Hausa. An ɗauka Faransanci ya wadatar da ɗan Afirka ta Yamma. Ran 16 ga Afrilu, ana saura kwanaki in taho, fiye da mutum dubu, akasari 'yan Gini, suka taru a gaban fadar magajin gari ranar da majalisa ke sauraron kukan baƙi baƙar fata, kuma rashin tafinta na cikin manyan abubuwan da aka ɗaga.

Ni tun a goman ƙarshe na azumi na gani da idona. Mukan kai kunu da ƙosai masallacin unguwa don buɗa-baki, samarin nan su cika harabar, wasu ma nan suke kwana. Wani yaro da bai wuce shekara 20 ba, siriri, ɗan Futa Jallo, ya matso da takarda a ninke ya miƙo mini da hannu biyu. Kakata Bafulatana ce, ina tsintar Fulatanci, kuma ko da nasu ya bambanta da namu, ruwa da nono da ƙirga duk kusan ɗaya ne. Takardar da Faransanci take, daga wurin kwanan da aka ba shi. Bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubutu da ajami tsaf, amma wannan takarda kwana tara tana aljihunsa bai san me ta ƙunsa ba. Na nemo wata 'yar Maraɗi cikin masu rabon abinci. Ita ta karanta Faransancin ta juya mini da Hausa, ni na lallaɓa da guntun Fulatancina da ƙirgen yatsu, har ya gane cewa jibi kwanakinsa ke cika, ga kuma adireshin da zai je ya sake neman makwanci. Mutum uku, harshe uku, kafin takarda guda ta isa kunnen mai ita.

Ya ce, "Neene," wato inna, ya nuna takardar, ya nuna kansa, alamar in wata ta sake zuwa fa? Na karɓi biro a hannun 'yar Maraɗin, na juya bayan takardar, na rubuta 311 da manyan lambobi. A ƙasa na rubuta masa da ajami, da wasali yadda ba zai ɓata ba: Pular. Na nuna masa ya faɗa sau biyu ya jira, kada ya kashe wayar ko an yi shiru. Ya bi rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu, ya karanta a fili, ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Ladan ya tayar da iƙama, ya ajiye kofin kununsa a gefen bango ya shiga sahu.